Ɗacin Ramin Ƙarshe

Mai Fari ake ce masa, saboda farin gishirinsa, kuma duk wanda ya kira shi da sunan nan sai ka ga ya ɗan gyara zaman hularsa kafin ya amsa. Ba gadon sunan ya yi ba, da guminsa ya same shi. Abin da ya gada wurin ubansa rami ne guda ɗaya da mummunan suna.

Garin nasu a cikin wani kwari yake, can tsakiyar hamada, inda mota kan yini tana gudu ba ta gamu da inuwa ba. Babu noma, babu kiwo na kirki, sai gishiri. Ka haƙa rami, ruwa ya tsattsafo daga ƙasa, rana ta dafa shi har ya yi ɓawo a sama, ka fasa ɓawon da sanda ya nutse, gobe wani ya sake taruwa. In ya yi yawa ka shiga da ƙafarka ka kwashe, ka shanya, ka ɗura a buhu. Aikin ke nan tun kaka da kakanni, kuma shi ya sa ba za ka ga baligi a garin da lafiyayyen diddige ba. Ramukan a jere suke, daga bayan gidaje har gindin wani baƙin dutse. Na kusa da gari su ne na masu sa'a. Na ƙarshe, wanda dutsen ya yi wa rumfa, shi ne nasu Mai Fari, kuma ruwansa ɗaci ne da shi kamar an jiƙa maɗaci.

Ubansa bai taɓa damuwa ba. Ya sayar wa masu raƙuma da arha, dabbobi su lasa, ya dawo gida ya yi barcinsa. Shi kuwa ɗan, Allah ya yi shi da zuciya. Shekarar da uban ya rasu, ya ɗauki kayansa na farko ya kai rumfar awo, inda dillalai suke ɗanɗana gishiri kafin a loda wa manyan motoci. A nan ya gamu da Reza. Sa'ansa ne, mai rami a bakin gari, kuma ba don aski ake ce masa Reza ba, don kaifin bakinsa ne. Ya sa yatsa a buhun, ya lasa, ya runtse ido, ya dafe ciki, ya yi taga-taga kamar zai faɗi.

"Jama'a, ku zo ku gani!" ya ce. "An kawo mana maganin tsutsar ciki. Wanda ɗansa ke fama ya zo ya saya, cokali ɗaya ya isa!"

Rumfa ta ɗauki dariya, har da direbobin da ba su san kowa ba. Daga ranar aka sa masa Maɗaci. Yara suka riƙa bin sa da shi, mata suna kiran sa da shi a bakin rijiya ba tare da sun san zagi ba ne. Wani zai yi dariya tare da su a wuce wurin. Shi ya ɗauki buhunsa ya koma gindin dutse, ya zauna yana kallon ramin kamar wanda ya kama ɓarawo bai san inda zai kai shi ba.

Sai da ya ɓata damina da rani da yawa yana gwaji kafin ya gano lagon abin. Ashe ɗacin ba ya saurin kamawa. Gishirin kirki shi ke fara taruwa, ɗacin kuma ya tsaya a ruwan da ya rage a gindin rami, sai an yi masa jinkiri yake shiga cikin ƙwayar. To, sai ya daina jinkiri. Ya kwashe da wuri tun gishirin bai yi kauri ba, ya wanke shi, ya tara shi a kan tabarma ya tsane. Ruwan gindin kuwa, mai yauƙi, mai kalar man fitila, ya kwashe shi tas da bokiti ya zagaya bayan dutse ya zuba a wani kwararo inda rairayi ke shanye komai kafin ka juya baya. Wahalarsa ta ninka ta kowa, abin da yake samu bai kai rabin na kowa ba. Amma gishirin da ya fito, wallahi sai ka rantse auduga ce.

Duk wannan kafin rana ta fito yake yin sa, lokacin da sauran masu ramuka suke miƙa a kan gado. Ba don kada a saci dabararsa ba, wa zai saci wahala? Don kada a gan shi da bokitin ne. Shi fa ba so yake a ce ya iya gyaran gishiri mai ɗaci ba. So yake a ce tun asali babu ɗacin, sharri aka yi wa ramin. In aka tambaye shi sai ya ce, "Ramin nan lafiyarsa lau, tsoho ne dai bai kula da shi ba, Allah ya jiƙansa." Haka ya riƙa faɗa a rumfa, a masallaci, a wurin zaman makoki, har waɗanda suka san gaskiya suka tsufa suka fara shakkar harshensu, waɗanda aka haifa daga baya kuwa ba su taɓa jin wani labari ba. Dillalai suka fara ware kayansa daban. Wani baƙon direba ne ya fara cewa a kira masa mai farin nan, shi ke nan suna ya zauna. Reza kaɗai ne bai daina ba. In sun haɗu sai ya yi tari, ya tofar, ya ce wani abu ya maƙale masa a maƙogwaro.

Mutum ɗaya ce ta san komai, matarsa, don bokiti biyu ake ɗauka kuma ɗayan nata ne. Tun tana amarya take bin sa bayan dutse. Ruwan ya cinye mata farce, ya mayar da tafin hannunta kamar bayan kada. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko uwarta. Sai dai in ya ɓata mata rai takan ce, "Malam, ka bi ni a hankali, na san hanyar rumfa." Sai ya sunkuyar da kai ya ci abincinsa.

'Ya'yansu mata sun yi aure a wasu garuruwa. Namiji ɗaya ne, shi ne Auta, kuma uban bai taɓa barin sa ya taka gindin dutse da sassafe ba. Makaranta ya tura shi, wai kada gishiri ya ci masa ƙafa. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba, don yaro bakinsa ba shi da ƙofa. Auta ya tashi yana alfahari da ubansa yadda kowane ɗa zai so ya yi, ya yi dambe da 'ya'yan Reza a kan sunan ramin ba sau ɗaya ba. Da ya girma ya duba gabas ya duba yamma bai ga abin yi ba, ya bi wata babbar mota ya koyi tuƙi, ya zauna a birni, ya yi aure, ya haihu. Jikokin nan kakarsu a waya ta san su. Takan hau tudun da ake samun layi, ta riƙe wayar maƙwabta da hannu biyu tana ce musu su matso ta gan su, hoton na tsinkewa, ta sauko tana share ido da gefen mayafi. Mai Fari ba ya hawa tudun, wai gwiwarsa. Amma yana tsaye a ƙofar gida duk ranar da ta je, don ya ji ko ƙaramin jikan ya fara tafiya.

Ana nan, wata rana sai ga jerin fararen motoci sun shigo kwarin, da tantuna da na'urori da mutane masu hular kwano. Masu neman ma'adinai ne, wani kamfani ya turo su. Kuma wa ke tuƙa ta gaba? Auta. Uwar ta yi ta zagaya shi tana taɓa shi kamar ba ta yarda ba. Da aka natsa, yana cin abinci a tsakar gida, ya yi musu bayani iyakar abin da direba zai sani. Akwai wani abu da suke nema a cikin ruwan ƙasa, wanda ake yin batir da shi. In suka samu a nan, za su kafa ma'aikata, a ja hanya, a kawo asibiti, kuma an riga an ce masa shi zai zama shugaban direbobi.

"Ranar da aka kafa tubalin farko, Baba, ranar zan kwaso iyalina. Na gaji da zaman haya. Yaran nan ba su san kowa nasu ba."

Uwar ta tashi ta buɗe ɗakin da ake tara buhuna ta tsaya tana auna shi da ido. Kafin mako ya zagayo ta kwashe kayan ciki, ta share, ta sa an liƙe tsagar bango. Mutanen gari dai suka ce a gani a ƙasa, in ji kare da aka ce ana biki a gidansu. Amma duk da haka kowa ya wanke rigarsa.

Shugabar tawagar wata injiniya ce, siririya, mai saurin magana, wadda rana ta riga ta ƙona wa hanci. Ramuka sun yi yawa, kwanakin da aka ba su kaɗan ne. Na kusa suka ɗiba da kansu, na nesa aka raba wa masu su kwalabe, kowace da lamba a jiki. Aka ce kada a ɗebo na sama, a ɗebo ruwan gindi, wanda ya rage bayan an kwashe gishiri. Auta da hannunsa ya kawo wa ubansa tasa.

"Ka ga taka, Baba. Na ce musu ba sai sun wahalar da kansu ba, in akwai mai amana a garin nan kai ne."

Mai Fari ya karɓi kwalbar kamar an miƙa masa kunama. Ruwan gindi! Abin da ya yi rabin rayuwarsa yana binnewa a bayan dutse, shi ake so ya ɗura a kwalba, ya liƙa lambarsa, a kai birni a sa a na'ura, a dawo a karanta a gaban Reza. Ya kwana biyu da ita a aljihu. Kuma kada a zalunce shi, ba sunansa kaɗai ya tuna ba. Shi mai gishiri ne ɗan mai gishiri, kuma abu ɗaya ya sani tun yana goye: babu mahaluƙin da zai baro birni ya keto hamada don neman ruwa mai ɗaci. In mutanen nan suka buɗe kwalbarsa suka ji abin da ke ciki, ai sai su tattara tantunansu, su ce kwarin duka ya lalace. Wake ɗaya ke ɓata gari. Shi zai zama wanda ya kori hanya da asibiti, ya kori ɗansa da jikokinsa, saboda ramin da Allah ya jarrabe shi da shi?

Da ya kai nan a tunani sai ya ji zuciyarsa ta yi fari, don ba kullum ba ne abin da mutum yake so da abin da ya kamata suke zama abu ɗaya. Ya ɗebo ruwan randa, ya ɗauko gishirinsa mafi kyau, wanda yake ajiyewa don kyauta, ya narka, ya tace da sabon ƙyalle har sau biyu. Ya ɗaga kwalbar a rana, garau, kamar hawaye. Matarsa tana bakin murhu tana kallon sa.

"Malam, na gindi fa aka ce."

"Na ji abin da aka ce."

"To, in sun san abin da suke nema fa?"

"Ke kin taɓa ganin wanda ya je kasuwa ya ce a auna masa ɗaci?"

Ba ta taɓa gani ba, sai ta koma kan girkinta. Da yamma ya sa babbar rigarsa ya kai kwalbar har tanti, ya miƙa da hannu biyu.

Motocin suka tafi birni da kwalaben, makonni suka wuce, aka yi ta jita-jita. Wasu har sun fara rigima a kan filin da za a yi tasha. Uwar Auta ta ɗinka labule. Sai ga motocin sun dawo, amma ba da tubali ba, da igiyoyin ɗaure kaya. Injiniya ta tara mutane a rumfar awo, ta cire hular kwano, ta yi magana a hankali yadda ake yi wa dangin maras lafiya. Ta ce sun sami alamar abin, amma kaɗan. A ramukan bakin gari kusan babu. Da ana matsawa wajen baƙin dutse yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, har sun fara murna, don sun sa rai jijiyar ma'adinin tana ƙarƙashin dutsen ne. Sai aka zo ramin ƙarshe, wanda ya fi kowanne kusa da shi, aka tarar ko ɗigo babu.

"Ban taɓa ganin ruwa mai tsabta kamarsa ba," ta ce. "Wannan ya nuna mana jijiyar ta ƙare kafin dutsen. Abin da ke nan bai isa a kafa ma'aikata ba. An ba mu umarni mu wuce wani kwarin, jibi da hantsi."

Kawuna suka juyo wajen Mai Fari, wasu suna jinjina masa. Shi ma, Allah ya yafe masa, sai da hannunsa ya kai ga hula kafin maganar ta gama shiga kansa. Wani dillali ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Hajiya, wai shin me kuke nema ne takamaimai? Ta yaya mutum zai gane shi?"

"Da baki ma ana iya zato," ta ce. "Yawanci inda yake da yawa, ruwan gindin yakan yi yauƙi, ya yi ɗaci sosai, har ya ci fata."

Mutane suka kalli juna. Mai Fari ya juya ya fice daga rumfar. Bai san yadda aka yi ya iso gida ba.

Kai, ɗan Adam! Kafin la'asar babu rami ɗaya a garin da ba shi da ɗaci. Mutanen da da za su fasa maka baki in ka ce gishirinsu yana da ɗan bauri, su ne suke rantsuwa da kabarin iyayensu cewa nasu ko jaki ba ya lasa. Mai kantin magani ya sayar da ƙwayar zazzaɓin da ta shekara a kan kanta, aka daka aka zuba a jarkoki. Wani ya matse ganye, wani ya zuba ruwan batirin mota. Washegari tun da safe layi ya miƙe a bakin tanti, kowa da kwalbarsa, kowa yana yamutsa fuska yana ce wa na kusa da shi ya ɗanɗana ya ji. Injiniya ta yi haƙuri ta bi mutum uku ko huɗu har ramukansu, ta dawo da ciwon kai da warin magani a hannu. Daga nan ta ce ba ta ƙara karɓar kwalbar kowa.

Mai Fari kuwa yana ɗaki, ya juya wa ƙofa baya. Yini guda bai fita ba, bai ci ba. Matarsa ta bar shi har safiyar ranar tafiya, sannan ta shigo ta tsaya a kansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe tafin hannuwanta ta sa masa a gaban ido.

"Duba nan. Ban taɓa yi maka gori ba, yau zan yi. Na ba ka hannuwana ka wanke sunanka da su, ban ce komai ba. Yanzu ɗana nake so. Ka tashi ka je ka faɗa, ko ni in je."

"A gaban kowa?"

"A gaban kowa aka sa maka sunan, a gaban kowa za ka karɓe shi."

Ya dubi hannuwan nata. Sannan ya tashi, bai sa babbar riga ba, ya fita da ta aiki, mai tabon gishiri a ƙirji. Tana biye da shi.

An riga an naɗe tantuna, ana ɗaure kaya, gari duka yana wurin. Auta yana kan mota yana jan igiya. Mai Fari ya ratsa mutane har gaban Injiniya, ya yi gyaran murya.

"'Yata, ni ne mai ramin ƙarshe. Ruwan da na kawo muku ba na ramin ba ne, na randa ne na narka gishiri. Ramina ɗaci gare shi, ya fi na kowa a kwarin nan. Tun zamanin ubana haka yake. Kullum kafin gari ya waye nake kwashe ruwan gindin in zubar a bayan dutse. Sunana na gaskiya Maɗaci."

Ya faɗe shi da bakinsa, sunan da ya yi shekaru ba a isa a faɗa a gabansa ba. Ya tsaya yana jiran dariya. Dariyar ba ta zo ba, abin da ya zo ya fi ta muni. Wani ya ce, "Haba, Mai Fari, har da kai?" Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, son ɗa." Matarsa ta kutso ta ɗaga hannuwanta tana cewa ita ce shaida, da ita ake zubarwa. Aka ce to me uwa ba za ta faɗa ba? Wani dillali, don ya taimake shi, ya ɗebo gishirinsa daga buhun da ke rumfa ya zagaya da shi, kowa ya lasa, kowa ya gyaɗa kai. Babu ɗaci ko na misali.

Injiniya ta dube shi da tausayi, ta dubi agogonta. "Baba, tun jiya nake jin irin wannan. Ramin naka da nisa, kuma ayarin ba zai jira ni ba. A bayan dutsen akwai abin da zan gani?"

"Rairayi ya shanye," ya ce. Shi ya zaɓi wurin da kansa, don kada a taɓa ganin komai.

Ta ɗaga ƙafa za ta tafi. Akwai wani abu a fuskarsa da ya hana ta juyawa. "To, ga abin da zan iya. In akwai dattijo ɗaya, wanda ba ɗan gidanka ba, da zai shaida ya taɓa jin ɗacin nan da bakinsa, zan tsayar da mota ɗaya mu je in ɗiba da hannuna."

A karo na farko a rayuwarsa Mai Fari ya ji daɗin cewa Reza yana raye. Ya waiga yana neman sa. Ga shi can a kan benci, ya tsufa, ya rame, carbi a hannu, ciwon da ya kwantar da shi bara ya cinye rabinsa. Aka kamo shi aka kawo.

"Faɗa mata," in ji Mai Fari. "Faɗa mata abin da ka ce a rumfar nan ranar da na kawo kayana na farko. Maganin tsutsar ciki. Faɗa mata, don Allah, yadda ka saba."

Reza ya dube shi. Tun da ya tashi daga ciwon nan yake bin mutane gida-gida yana neman gafara, gida ɗaya ne ya kasa shiga. Yau ga shi an tara masa gari, ga mutumin da kansa yana tuna masa laifinsa a bainar jama'a. Ya saki sandarsa, ya kama hannun Mai Fari da hannu biyu, hawaye suka zubo.

"Jama'a, ku shaida," ya ce. "Ƙafata ɗaya tana kabari, ba zan tafi da hakkin bawan Allahn nan ba. Ƙarya na yi masa. Hassada ce da ƙuruciya. Gishirinsa bai taɓa ɗaci ba, bakina ne mai ɗaci."

"Reza, don girman Allah..."

"Bar ni in gama, ɗan'uwa. Shekara da shekaru ina ci maka fuska kana haƙuri. Yau ga shi baƙin cikina ya sa kana zagin kanka da kanka. Ramin ƙarshe ya fi na kowa, na faɗa, a rubuta!"

Aka ɗauki kabbara. Mata suna share hawaye, maza suna cewa kai, yau an ga abin kirki a garin nan. Injiniya ta sa hularta.

Auta ya diro daga mota ya zo ya durƙusa a gaban ubansa, idonsa ja. Ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada a ji.

"Baba, na san don ni ka yi, kuma ba zan manta ba har in mutu. Amma kada ka ƙara zubar da girmanka saboda ni. Sunan nan shi kaɗai muke da shi, da shi nake tinƙaho a duk inda na shiga. Can ma aiki ne, in an kafa zan kai iyalina can. Da na sami hutu zan leƙo."

"Ɗan nan, wallahi gaskiya nake faɗa."

"Na sani, Baba," in ji Auta, da irin muryar da ake lallashin maras lafiya. Ya juya wajen uwarsa, ta kau da kai don kada ta yi kuka a gaban mutane, ya taɓa kafaɗarta, ya hau mota. Tasa ce a gaba, sauran suka bi.

Mutane suka watse a hankali, kowa ya biyo ta gabansa yana ba shi hannu, wasu suna cewa ba su taɓa sanin darajarsa ba sai yau. Matarsa ta wuce gida ita kaɗai, ba ta jira shi ba. Reza ne bai sake shi ba, yana rataye da hannunsa, yana numfashi da ƙyar, fuskarsa wasai kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Ɗan'uwa, ban ji ka faɗa ba. Ka yafe mini?"

Mai Fari yana kallon inda motocin suka bi, har ta ƙarshe ta shige bayan tudu.

"Na da, na yafe," ya ce. "Na yau kuwa, sai mun haɗu can."